Analaiza biyu, waƙa ɗaya, hoto daban-daban: wanne zan gaskata?

Bit_Na_Kurna
Assalamu alaikum 'yan gida. Tambaya ce ga masu miksin (haɗa murya da kayan kiɗa) da mastarin (gyaran ƙarshe na waƙa). Waƙa ɗaya ce, na ɗora analaiza biyu, wato manhajar da ke zana ƙarfin kowane yanki na sauti a allo, a kan masta, layin da duk sautin waƙar ke haɗuwa. Ɗaya ya nuna ta kamar gangaren dutse, bes yana can sama, daga 1 kHz (Hz dubu ke nan, Hz kuwa ma'aunin firikwensi ne, wato kauri ko kaifin sauti) kuma sai zubewa take yi har ƙarshe. Ɗayan ya nuna ta kusan a miƙe. Ban taɓa komai a tsakani ba. Sannan dukkansu suna nuna wani siririn tsini a wajen 50 Hz da ba ya motsi, ko da an kashe kiɗa an bar murya kaɗai. Da janareta aka ɗauki muryar. Tambayoyina uku: wanne ne ke faɗin gaskiya, shin ana so a yi ta taɓa EQ, abin ƙara ko rage wani yankin sauti, har layin ya miƙe, kuma yaya zan yi da wannan tsinin?

Injiniya_Sauti
Wa alaikumus salam. Babu maƙaryaci a cikinsu, karkatar da kowanne ya yi wa hoton ce ta bambanta. Duba saitin, za ka ga wurin da aka rubuta Slope ko Tilt. Wanda ya nuna maka gangare yana kan 0, wato ɗanyen lissafi yake zuba maka. Wanda ya nuna a miƙe yana kan 3 ko 4.5 dB (ma'aunin ƙarfin sauti) a kowace oktaf, wato duk inda firikwensi ya ninka biyu. Manhajojin SPAN na Voxengo da Pro-Q na FabFilter dukkansu da 4.5 suke zuwa. Daga 20 Hz zuwa 20 kHz kusan oktaf goma ne, ka ga tsakanin 0 da 4.5 akwai karkatar dB 45 daga wannan gefe zuwa wancan. Shi ya sa ka ga kamar waƙa biyu ce.

Ga gwajin minti ɗaya. Kunna ƙarar gwaji da ake kira pink noise, kusan kowace manhaja tana da ita. Sa silof a 3. Layin zai kwanta a miƙe, domin ita wannan ƙarar raguwa take da dB 3 a kowace oktaf. Mayar da shi 0 za ka ga gangare, kai shi 4.5 za ka ga ya ɗaga sama. Sautin bai canza ba ko kaɗan. Zaɓi silof ɗaya ka zauna a kai, kada ka riƙa sauyawa daga aiki zuwa aiki, in ba haka ba idonka ba zai taɓa sanin kamannin waƙa mai kyau ba.

Kunne_Sarki
Ni shawarata ka rufe analaizan gaba ɗaya. Mai sauraro a cikin adaidaita sahu ba ya ganin layi. A ko'ina gani ne ya kori ji, amma a wannan sana'ar ji ne ya kori gani.

Injiniya_Sauti
Malam Kunne_Sarki, a sifika mai inci biyar ta yaya zai ji 30 Hz? Irin waɗannan sifikun daga wajen 50 zuwa ƙasa sun fara sallamawa. Abin da sifika ba ta fitar ba kunne ba zai yi hukunci a kai ba, amma limita, mai hana ƙarfin sauti wuce iyaka, tana jin sa, kuma tana danne waƙar saboda shi.

Kunne_Sarki
A nan ƙasa na yarda. Amma daga 200 Hz zuwa 8 kHz, wanda bai ji matsala ba kada ya je nemanta da ido.

Hajiya_Mastarin
Bit_Na_Kurna, tambayarka ta biyu amsarta a'a ce. Kada ka miƙar da layin. Kowane tudu da ka gani yana iya zama nota ce ta waƙar. Idan waƙa tana kan makullin A, dole ka ga tsini a 55, 110, 220 da 440 Hz, domin nan notar take zaune. Ka bi su ka sassare, ka cire wa waƙar ƙashin baya ke nan. Garin neman gira a rasa ido.

Abin da ake nema shi ne tudun da ba ya bin waƙa. Nota ta canza, kod ya canza, shi yana nan daram a wuri ɗaya. Wannan ba kiɗa ba ne, ko dai ɗaki ne, ko makirfo, ko wuta. Naka na 50 Hz daga cikin irinsu yake.

DanZinder_Mix
Kan batun 50 ɗin. Wutarmu a Nijar da Najeriya duk 50 Hz ce, ta Amurka 60, shi ya sa idan ka ɗauko saitin cire ƙugi da aka shirya a can ba zai kama komai ba sai ka mayar da shi 50. Kuma ƙugin wuta ba ya zuwa shi kaɗai, da 'ya'yansa yake tafe: 100, 150, 200, 250, haka har sama. Yadda suka jeru yana gaya maka inda cutar take:

Idan 50 ne babba, 150 da 250 na biye, yawanci waya ce ke ɗaukar wuta daga wata waya ko taransifoma da ke kusa, ko kuma na'urori biyu sun haɗu ta layin ƙasa biyu daban.
Idan 100 ya fi 50 tsawo, ka zargi abin ba na'ura wuta, adafta ce ko kafasitocin ciki sun gaji.
Idan kuma ka ga haƙora reras kamar mataji har 2 ko 3 kHz, kuma a kunne zizar ƙudan zuma ce ba gurnani ba, to ko ƙaramar inbata ce mai fitar da wuta mai kusurwa, ko cajar laftof.

Gwaji mafi sauƙi: zare cajar laftof, bar ta a kan batir, ka kalli analaiza. In haƙoran sun ɓace ka kama ɓarawo.

Bit_Na_Kurna
Na gode Oga. Na sa noc, wato siririn yanka na EQ, a 50 daidai, Q 30 (yawan Q, sirantar yankan), na yanke dB 20, amma ƙugin yana ɓacewa yana dawowa.

DanZinder_Mix
To ai ka ce janareta ne. Ƙaramin janareta sai ya juya sau 3000 a minti kafin ya ba da 50 Hz. Da an kunna firji ko fanka injin ya ja baya, firikwensin ya sauka, da an kashe ya hau. Noc mai Q 30 a kan 50 faɗinsa bai kai Hz 2 ba. Ƙugin ya matsa zuwa 51.5 ya fice daga ramin da ka haƙa masa. Kuma a sama abin ninkuwa yake: matsawar Hz 1 a uwa, Hz 10 ce a ɗa na goma. Don haka noc na 500 ba ya kama komai.

Tunda murya ce, ba ka ma buƙatar noc a 50. Muryar namiji mai magana tana farawa ne daga wajen 85 Hz, ta mace daga wajen 165. Sa filta mai yanke ƙasa a 75 ko 80 Hz, gangaren dB 18 ko 24 a kowace oktaf, uwar ta tafi duk inda ta matsa. 'Ya'yan da suka shiga cikin murya su ne aiki. Ga su sai De-hum na iZotope RX a yanayin da yake bin firikwensi da kansa, ko ka yanka muryar gunduwa-gunduwa ka auna kowace gunduwa daban.

Injiniya_Sauti
Ƙari a kan maganar DanZinder. Bit_Na_Kurna, ta yaya ka san 50 ne daidai? Girman FFT ɗinka, wato yawan ɗigon sautin da analaiza ke ɗauka a lissafi ɗaya, nawa ne? Raba samful ret, wato yawan ɗigon sautin da ake ɗauka a sakan ɗaya, da girman FFT, abin da ya fito shi ne faɗin kowane gurbi da analaiza ke iya bambancewa. Taga kuma ita ce tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya zana. A samful ret 44.1 kHz:

1024, gurbi Hz 43, taga milisakan 23
8192, gurbi Hz 5.4, taga milisakan 186
32768, gurbi Hz 1.3, taga milisakan 743

A 1024, 40 da 60 duk a buhu ɗaya suke. Lambar da kake karantawa a allo zane ne kawai da manhajar ta haɗa tsakanin ɗigo biyu. Farautar ƙugi sai 32768 ko sama. Amma da ka kai can hoton zai yi nauyi, bugun kik, gangar nan mai kaurin murya, zai narke ya zama tudu mai jan ƙafa, domin tagar ta kusa cika sakan. Ba a samun biyun a lokaci guda. Mafita ita ce a buɗe analaiza biyu, ɗaya babba don ƙasa da abubuwan da ba sa motsi, ɗaya 2048 don ganga da haruffa.

Mai_808
Wani tarko da ba a ambata ba. In ƙugin a kan cikakkiyar waƙa yake, ba murya kaɗai ba, a yi hattara da noc a 50. Notar G ta ƙasa 49 Hz ce, G ta samanta 98. Waƙar da besinta ke kan G, ka sa noc a 50 da 100, ka kashe mata babbar nota, sauran notoci su yi ta tsalle ita tana nutsewa. A irin wannan EQ mai motsi ake sawa, ya yanke kawai lokacin da kiɗa ya yi shiru, domin idan bes na bugawa shi da kansa yana rufe ƙugin.

Ustaz_Kaset
Tunda an shiga gyara, bari na sa baki don masu juye tsofaffin kaset na wa'azi da na makaɗan gargajiya. Ƙugin nan da kuke zagi wani lokacin ma'auni ne. Idan an ɗauke shi a kan kaset ɗin tun asali, sai ka ga yana zaune a 51.5 maimakon 50, alama ce rediyon da kake juyewa da shi yana gudu da kashi 3 cikin ɗari fiye da kima, kusan rabin rabin-murya ke nan. Sai ka rage gudun fayil ɗin har tsinin ya dawo 50, sannan ka cire shi. Kada ka cire kafin ka auna.

Hajiya_Mastarin
Malam Ustaz, dabara ce mai kyau amma da sharaɗi biyu. Na farko, sai an tabbata ƙugin na kan kaset ne ba na rediyon yau ba. A danna dakatarwa, in tsinin ya tsaya a allo na yau ne, in ya ɓace na kaset ne. Na biyu, ba ka da tabbacin wutar ranar da aka ɗauka 50 cif take, musamman in da janareta aka yi. Don haka a ɗauke shi a matsayin shaida ɗaya, a haɗa da kunne.

Ustaz_Kaset
Haka ne Hajiya. Kuma a duba kan rediyon kafin komai. Akwai ɗan sukurun da ke gefen kan da ke karanta kaset. Haɗa hagu da dama su zama mono, kalli analaiza daga 5 kHz zuwa sama, juya sukurun a hankali har saman ya kai iyakar tsawonsa. Idan kan ya karkace, saman yana mutuwa tun kafin ya shiga kwamfuta, kuma babu EQ da zai dawo da shi, hucin kaset kawai za ka ɗaga.

Sarkin_Fiyano
Ni fa tambayata daban ce, ku yi haƙuri. Wani bit da aka turo, a analaiza komai lafiya har 16 kHz, daga nan sai ya faɗi tsaye kamar an sa wuƙa. Sunan fayil ɗin WAV ne.

Injiniya_Sauti
MP3 ne aka sa wa rigar WAV. MP3 na 128 kbps a wajen 16 kHz ake yanke masa sama, na 320 a wajen 20. Sauti na gaskiya a hankali yake sauka, ba ya faɗuwa kamar katanga. Ka ce a turo asalin fayil ɗin, kuma in ta WhatsApp ne a turo shi a matsayin takarda, don kada a sake matse shi. In babu asali, kada ka ɗaga 12 kHz zuwa sama da yawa a kansa, ƙyalƙyalin matsewar ne zai fito, irin sautin nan kamar ana wasa da ruwa a kwano.

Kamara_Da_Sauti
Masu aikin fim ga naku. Abubuwan da suke fitowa a sautin lokeshan, kowanne da adireshinsa:

Siririn layi a 15,625 Hz, tsohuwar talabijin mai ƙeya ce a kunne a ɗakin. Manya da yawa ba sa jin sa, yara suna ji har ya dame su. Noc ɗaya ya isa.
Tsini a 217 Hz da ninkinsa, mai zuwa dit-dit-dit, wayar hannu ce kusa da kebul.
Tsini a 1 kHz ko 8 kHz daidai ba ƙari ba ragi, yawanci daga USB yake shigowa.
Layi a 19 kHz, daga rediyon FM aka ɗauko abin.
Tudu mai kauri ƙasa da 60 Hz mai zuwa yana tafiya, iska ce ko hannun mai riƙe sandar makirfo.

Kuma a fim 48 kHz ake aiki, lissafin gurbin da Injiniya ya kawo zai ɗan canza, 8192 zai ba ka Hz 5.9.

Amma a gaskiya ga gyara, hoton da ke tafiya da lokaci, wato sifektirogiram, ya fi layi mai rawa amfani. Kukan zakara ko hon ɗin babur a tsakiyar magana, a layi mai rawa ƙiftawa ɗaya zai yi ya wuce. A sifektirogiram za ka gan shi kwance da tsawonsa da 'ya'yansa a jere, ka zagaye shi ka rage. Audacity ma yana da wannan hoton kyauta.

Kunne_Sarki
Ku lura duk misalan da kuke kawowa na gyara ne. A gyara ban musa ba, likita ma yana ɗaukar hoto. A miksin fa? Nan ne yara ke lalacewa. Su ga murya da fiyano sun haɗu a 400 Hz a allo, su yanke, alhali a kunne babu abin da ya rufe wani. Pro-Q har jan launi yake nunawa inda kayan kiɗa biyu suka yi karo, kuma ba kowane ja ba ne matsala. Kayan kiɗa dole su haɗu, haɗuwar ce ke sa su zama waƙa ɗaya.

Hajiya_Mastarin
Wannan gaskiya ne, kuma akwai dalili. Analaiza ƙarfi yake aunawa, kunne kuma ba daidai yake jin kowane firikwensi ba. Tun 1933 Fletcher da Munson suka auna wannan. Kunne ya fi kaifi tsakanin 2 da 5 kHz. Ƙarin dB 2 a 3 kHz da ƙarin dB 2 a 40 Hz tsawonsu ɗaya a allo, amma na 3 kHz zai soki kunne, na 40 Hz kuma wataƙila mutum bai ji komai ba. Kuma yadda kake jin bes yana canzawa da ƙarfin da ka buɗe sifika, shi ya sa ake son a tsayar da ƙarfin sauraro wuri ɗaya.

Tsarin da ya fi aminci a miksin: ka fara jin abu ya dame ka. Ka ba shi suna, ko ya toshe, ko yana hanci, ko yana suka. Ka yi hasashen lamba. Sannan ka kalli allo ka ga ko ka dace. A SPAN in ka danne Ctrl ka ja linzami a kan hoton za ka ji wannan yankin kaɗai. Wanda ya yi wata uku yana haka zai fara kiran lamba kafin ya duba.

Zabiya_Records
Game da murya ina da ƙari, domin Hausa tana da nata hali a makirfo. Haruffan ts da ƙ da ƙarfi suke fita, gajere kuma mai kaifi. Na'urar rage kaifin s da aka saita a 7 kHz tana kama s da sh amma sau da yawa ts ya riga ya wuce kafin ta rufe. Sa analaiza a 1024 ko 2048, kunna riƙe ƙololuwa, maimaita kalma ɗaya kamar tsuntsu ko tsakiya, ka ga inda ts ɗin wannan mawaƙin yake tashi. Kowa da nasa, ya danganta da haƙori da makirfo. In bai kamu ba a rage shi da hannu, harafi harafi, dB 3 zuwa 4.

B da f kuma iskarsu ƙasa take bugawa, za ka ga tudu ya yi tsalle ƙasa da 100 Hz. Wannan maganinsa tun wajen ɗauka ne, raga a gaban makirfo da tazarar kamu ɗaya.

Mai_Kalangu77
Kalangu fa? Duk inda na sa EQ sai wani bugun ya yi daidai wani ya ɓace.

Zabiya_Records
Domin kalangu ba shi da nota ɗaya. Makaɗi na matse tsirkiya a hammata murya ta hau, ya saki ta sauka. A analaiza za ka ga tsinin yana zamewa hagu da dama. EQ mai tsaye a wuri ɗaya dole ya ci wani bugun. Yi haka: bar riƙe ƙololuwa a kunne, kunna waƙar daga farko zuwa ƙarshe, ka ga daga ina zuwa ina tsinin ke yawo. Wannan filin nasa ne, kada ka sa siririn yanka a ciki. Yanke ƙasa da inda ya fi sauka, sannan in kana so ya fito a cikin kiɗa, nemi sautin sandar kiɗan a kan fata, can sama yake wajen 2 zuwa 5 kHz kuma shi ba ya yawo. In yana karo da murya, fiyano ko bes za ka matsar, ba shi ba.

Mai_808
Mu koma ƙasa. Kik da 808, wato dogon bes ɗin nan na na'ura, a nan analaiza ya fi kowa amfani, ko Kunne_Sarki ya yarda. Ɗora ɗaya a kan kowanne, FFT 16384. Idan kik yana zaune a 55 kuma 808 na buga A, wato 55 shi ma, to duk sanda suka haɗu ko su ninka ko su kashe juna, ya danganta da yadda igiyoyinsu suka dace. Za ka ga tudun yana tsawo a wani bugun yana gajarta a wani. Ko ka sauya kik, ko ka gajarta jelarsa, ko ka sa TDR Nova, EQ mai motsi, a kan 808 ya riƙa sauke dB 3 zuwa 5 a wannan yankin kawai duk sanda kik ya buga.

Sannan yawancin masu jin waƙarka a waya za su ji. Sifikar waya ba ta san 50 Hz ba. In 808 ɗinka tsini ɗaya ne tak a allo, a waya babu bes ke nan. Ƙara masa ɗan ƙuna, wato distortion, har ka ga 'ya'ya sun fito a 110, 165, 220, 275. Kunne na jin 'ya'yan ya cike uwar da kansa.

Injiniya_Sauti
A nan a kula da naɗewa. Duk abin da ke ƙona sauti yana haifar da 'ya'ya har sama, kuma a 44.1 kHz rufin ɗaki 22,050 Hz ne. Abin da ya wuce rufi ba ɓacewa yake ba, dawowa yake ƙasa a wurin da ba nasa ba. Gwada filogin ɗinka, wato manhajar da kake ƙona sautin da ita: sa tsantsar sautin 7 kHz ta cikinsa. Ɗa na uku zai fito a 21 kHz, lafiya. Na biyar ya kamata ya je 35 kHz, sai ya naɗo ya sauka a 9.1 kHz. In ka ga tsini a 9.1, kunna ninka samful na filogin ɗin sau 4 ka ga ya faɗi. A kan 808 ba damuwa sosai, a kan masta da kuge ne yake sa sama ta yi tsatsa.

Bit_Na_Kurna
Na daidaita silof, yanzu biyun sun zama ɗaya. Na sa filta a 80 a kan murya, 50 ɗin ya tafi. Amma ga sabuwa: a allo besina daidai yake da na waƙar da nake koyi da ita, a kujerata kuma ba na jin sa, sai na miƙe na je jikin bango sai ya cika ɗaki.

Gini_Da_Amo
Wannan ba miks ba ne, ɗakinka ne, kuma analaizan da ke kan masta bai san da ɗakin ba, abin da ke cikin kwamfuta kawai yake gani. Auna tsawon ɗakin. Raba 343 da ninki biyu na tsawon a mita. Ɗaki mai mita 3.5 zai ba ka 49 Hz, mai mita 4 ya ba ka 43, mai mita 3 ya ba ka 57. Wannan firikwensin yana taruwa a jikin bango, a tsakiyar ɗaki kuma ya mutu. In kujerarka a tsakiya take, a cikin rami kake zaune. Matso da ita gaba, wajen kashi 38 cikin ɗari na tsawon ɗakin daga bangon da sifiku suke, ka fara daga nan.

Don ka ga abin da idonka, sauke REW, manhajar auna ɗaki, kyauta ce, ka nemi makirfon awo irin ECM8000 ko UMIK-1, ka ajiye shi inda kanka yake. Za ka iya ganin ramin dB 15 ko fiye. Kada ka cike shi da EQ, duk abin da ka ƙara kashe kansa zai yi. Kuma kwalin ƙwai da siririn soso ba sa taɓa bes, igiyar 50 Hz kusan mita 7 ce tsawonta. Sai abu mai kauri a kusurwoyi.

Kunne_Sarki
To a wannan ɗakin kam, ka bi allo a ƙasa da 100 Hz, ko ka sa hedifon mai kyau. Kunnen da ke cikin rami ba sarki ba ne.

Hajiya_Mastarin
Bit_Na_Kurna, da ka ce daidai yake da waƙar koyi, ka daidaita ƙarfinsu kafin ka kwatanta? Waccan an gama mastarinta, taka ba a yi ba. Auna kowacce da manhajar Youlean, sauke waccan har LUFS ɗinsu, wato ma'aunin ƙarfin da kunne ke ji, ya zo ɗaya. Sannan a kwatanta amshi da amshi, ba amshi da baiti ba. Saitin kwatance daban yake da na farauta: matsakaicin lokaci mai tsawo, sakan 3 zuwa 5 ko ma a bar shi ya tara duk amshin, a lallashe layin zuwa kashi ɗaya cikin uku na oktaf. Siffar gaba ɗaya ake kallo, ba haƙora ba. Kuma waƙa uku ko huɗu za ka ɗora masu irin salon, su ba ka faɗin hanya. In kana ciki bar shi. In ka fita da dB 3 ko 4 a yanki mai faɗi, koma miks ka nemo wanda ya jawo, kada ka gyara a masta. A masta gyaran rabin dB zuwa dB 1.5 ne, da Q mai faɗi.

Abu biyu kuma a duba. Mayar da analaiza yanayin tsakiya da gefe, wato abin da hagu da dama suka haɗu a kai da abin da suka bambanta. Ƙasa da 100 ko 120 Hz gefe ya kamata ya kusa zama fanko. Ma'aunin dacewar hagu da dama kuma ya zauna tsakanin 0 da +1, in yana faɗawa ƙasa da sifili akai-akai, ranar da aka sa waƙar a sifikar biki guda ɗaya wasu kayan za su ɓace.

Sarkin_Fiyano
Ni kullum ina yanke 30 Hz a masta, ko na ga abu ko ban gani ba.

Injiniya_Sauti
Duba mitar ƙololuwa kafin da bayan ka sa shi. Sau da yawa za ka ga ta hau, wani lokacin dB 1 ko fiye, duk da ka cire abu ne ba ƙarawa ba. Filtar tana juya zubin igiyoyin da ke kusa da wurin yankan, ƙololuwa ta sake tsari. Kuma in 808 na sauka har C ta ƙasa, 32.7 Hz ke nan, ka taɓa ta. In allo bai nuna komai a ƙasa da 25 ba, me kake yankewa? In ya nuna, nemo kayan kiɗan da ke kawo shi a miks ka yanke a can.

Mai_808
A sa filta mai layin zubi ɗaya, wato linear phase, mana, ba ya juya komai.

Injiniya_Sauti
Shi kuma yana sa ɗan amo kafin bugu, a kan kik za ka ji kamar an ja numfashi kafin a buga. An gudu ba a tsira ba. Kuma wannan analaiza ba zai nuna maka ba, domin layin firikwensin iri ɗaya ne a biyun.

DanZinder_Mix
Batun ƙarfi kuma, Spotify a -14 LUFS yake daidaita waƙoƙi kuma yana son ƙololuwar gaskiya kada ta wuce -1 dB. Amma mu da waƙa ke yawo ta memori da Bluetooth da turawa waya zuwa waya, babu mai daidaita komai a can, shi ya sa kowa ke matsawa. In za ka matsa, kalli analaiza kafin limita da bayanta a ƙarfi ɗaya. Za ka ga ƙasa ta ragu, 2 zuwa 5 kHz ya ɗago. Da ka ga haka ya fara yawa ka san kik ya fara mutuwa.

Hajiya_Mastarin
A nan ban bi ka ba gaba ɗaya. Kafin layin ya nuna wannan canjin a fili, kik ya daɗe da mutuwa. Tazarar da ke tsakanin ƙololuwa da matsakaicin ƙarfi ita ce ke fara nunawa, kunne kuma ya riga su duka in an daidaita ƙarfi.

Bit_Na_Kurna
Ɗakin mita 3.6 ne, kujerar kuma a tsakiya cif. Zan matsar da ita. 150 da 250 na janaretan har yanzu suna cikin muryar, a baiti na biyu sun fi fitowa inda kiɗa ya yi sauƙi. Ba ni da RX. Nova zai iya, ko a sake ɗaukar baitin kawai?

Zabiya_Records
In mawaƙin yana kusa, sake ɗauka a kan batir ya fi arha. Minti goma ne.

DanZinder_Mix
In ba ya kusa, nemo wurin da ya yi shiru tsakanin layi biyu a wannan baitin, ko na sakan ɗaya ne, auna lambobin a nan da 32768. Sa noc biyu a abin da ka gani, ba a 150 da 250 na lissafi ba, Q wajen 15, kada ka wuce dB 8. Turo hoton allon tukuna mu ga nisan da suke yawo.